Ba Akushi Ba Ne

A ƙasar wajen da muke zaune, kowa ya yi wa ƙauyen nan na bayan unguwar Sri Petaling gurguwar fahimta, har da Abbanmu da duk digirinsa. Wai unguwar talakawan 'yan Caina ce kawai, gidajen katako da ruɓaɓɓen kwano, gara a rushe kowa ya huta. Ni kam na san ba haka ba ne tun wata Asabar, shekarar da nake aji huɗu na firamare.

Ran nan Umma ta ja ni sayen ganye, don can ya fi araha. Muka bi lungu mai ƙamshin turaren tsinke, muka wuce ɗakin bautarsu mai jan fenti, da wani tafki kore shar da aka hana yara kusanta. A ƙofar wani gida wata tsohuwa ta shanya barkono a faffaɗan mazubi na baƙin itace. Na ce, "Umma, ga akushi. Su ma tuwo suke ci?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta tsuguna, ta nemi izini da hannu, ta juye barkonon a gefen mayafinta, ta shiga juya mazubin tana karkata shi kamar mai rairayar tsaba. Tsohuwar ta zuba mata ido, can ta kama wuyan hannunta ta gyara mata riƙon. "Dulang, lah," in ji ta, wato sunan mazubin a yarensu. Umma ta ce, "Kuza." Babu mai jin yaren wata, amma sun daɗe suna dariya, ni kuwa ina tsaye rana tana dukana.

A hanyar gida na dame ta da tambaya har ta gaji. Ashe kakata a Bukuru da ƙwarya ta wanke kuza, tsaye cikin ruwa har gwiwa, kamar yadda tsohuwar ta yi da nata mazubin. Tafkin nan ma ramin haƙa ne, irin waɗanda ke cinye shanu a garin su Umma. "Masu irin wannan sunkuyon ne suka kafa birnin nan," in ji Umma, "benayen daga baya suka zo." Makon nan kaf ni da ƙanena Sadiku muka yi ta wanke yashi da farantin cin abinci a kwatar gidanmu, har muka sha dukan da ya dace da mu.

Yanzu tsohuwar ta rasu, an kafa allon masu ginin bene a bakin lungun, ƙannena kuwa in ka ce kuza sai su tambaye ka da Turanci ko abinci ne. Jikan tsohuwar ya ce in ɗauki mazubin, ba shi da wurin ajiye shi. Na ƙi. A falonmu akushi zai koma.

Mazauna lungun suna da taro ranar Asabar kan a bar musu layin. Da Umma zan je, jikan ya kawo mazubin, ta juya shi a gabansu.