Matar da Ke Ɗanɗana Laka

Daga layin motar Nausori a tashar Suva nake hango ta. Gajeriya ce, hular kwano ta yi mata yawa, takalmin roba har gwiwa. Tana tsugune a filin bayan kasuwa, inda injin haƙa ke zaro laka daga can ƙarƙashi. Takan gutsura ta murza a tafin hannu, ta sunsuna, sannan ta ɗan sa a haƙori.

"Jikata, yunwa ce?" in ji Bubu Salote, tsohuwa mai sayar da rogo. "Ga dafaffe nan, bar ƙasar mutane!"

"Yashi nake nema, Bubu," ta amsa tana dariya, "ko ƙwaya ban ji ba."

Ina jin tana yarinya ta sha duka kan cin ƙasa, yau ga shi ya zama sana'a.

Mai filin ya matso, da zanen bene hawa shida a hammata. "Injiniya, yaushe za mu fara?"

"Yallaɓai, nan teku ne a da, ciko aka yi. Sai an kafa ginshiƙai sun tarar da dutse. In ba haka ba, benen zai riƙa nutsewa da mutane a ciki."

"Wannan ƙasar? Dubi!" Ya buga ƙafa da ƙarfi. Ƙafar ta fito, takalmin ya zauna.

Ta zaro masa shi, ta miƙa da hannu biyu. "Nauyinka kaɗai ke nan, yallaɓai. Saura hawa shida."