Gwiwar Kakana da Haƙoran Kekensa

Masana tarihi sun ƙarar da tawada wajen bayyana abin da ke kayar da manyan mutane. Wasu sun ce zalunci, wasu sun ce mugun mashawarci. Ni da na tashi a Agege ta Ikko, na san ba su bincika da kyau ba. Abin da ke kayar da dattijo wani ɗan faifan ƙarfe ne mai haƙora, a tsakiyar tayar keke ta baya, wanda masu gyara ke kira firiwil. Warin baƙin mai da na ji shekaranjiya a rumfar wani mai faci ne ya dawo mini da zancen.

Kakana mai sayar da goro ne, yana da baƙin keke mai giya ɗaya tal. Duk Lahadi yakan hau shi zuwa Alaba Rago gaida ƙanensa mai sayar da raguna, tafiyar da ko danfo, motar hayar Ikko, sai ya yi nishi kafin ya kai. Ga wanda bai sani ba, ƙaramin firiwil yana sa feda nauyi, amma taki ɗaya ya kai ka nesa. Babba yana sauƙaƙa taki, sai dai ƙafa ta yi ta zagaye. Kakana ya zaɓi mafi ƙanƙanta da ake samu a kasuwa, ba don sauri ba, don kamala. A ganinsa dattijo ba ya wutsil-wutsil da ƙafa kamar ɗan tsakon da aka riƙe. Yakan taka a hankali, rigarsa na kaɗawa, ana gaishe shi yana amsawa da ka. Abin da gwiwarsa ke sha a hawan gada kuwa, wannan tsakaninsa da ita ne.

Wata damina ta tona asirin. Gwiwar dama ta kumbura, ɗakinsa ya koma ƙanshin man kaɗanya da ruwan zafi, kakata tana gasawa tana mita. A masallacin layinmu wurinsa bayan liman yake tun kafin a haifi babana, sai ga shi ya kasa lanƙwasa ƙafa a zaman tahiya. Ran nan babana ya shigo da farar kujerar roba, irin wadda ake ajiye wa tsofaffi can ƙarshen sahu, jikin bango. Ya durƙusa ya ce, “Baba, a yi haƙuri da wannan, a kuma jingine keken.” Kakana ya dubi kujerar kamar an kawo masa sammaci.

Kakata ce ta yi maganar, tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Malam, mai gyara ya ce a sa maka babban firiwil ka ƙi. Wai wa ke kallon ƙafarka a titin Badagry? Kwandasta ko direban tirela?”

“Mutum ai don kansa yake kamala.”

“To yi ta yi. Mutumin Ikko ko da ka kake taka feda ba zai waiwaya ba. Kujera kuwa, duk layin nan sai sun gani, safe da yamma.”

Washegari ya tura keken zuwa wurin mai gyara, wani Bayarabe haifaffen unguwarmu da Hausarsa ta fi tawa gishiri. Aka sa firiwil mai faɗi, aka ƙara wa sarƙa tsawo. Kakana ya ce masa, “Ban da shela.” Shi kuwa ya ce, “Baba, ni ba ruwana. Ƙafarka ce za ta yi.”

Ta kuwa yi. Ranar gwaji muka jeru a ƙofar gida, jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Ya hau, ya gyara hula, ya ɗaure fuska. Daga ƙugu zuwa sama alƙali ne a kan shari'a, daga ƙugu zuwa ƙasa tela ne ana gobe Sallah. Na kasa daurewa na ce, “Angona, wa ya biyo ka?” Ya ja burki ya ce, “Ke nake gudu, amarya, tuwonki gudaji.” Har kakata sai da ta yi dariya a bayan labule.

Daga nan ya fito da tsarin da ya bi har ƙarshen hawansa. Cikin unguwa tura keken yake da hannu, yana gaisawa da jama'a a natse, sai ya tsallake layin dogo, inda ba wanda ya san shi, sannan ya hau ya saki ƙafa. Kafin ruwa ya ɗauke kumburin ya saɓe. Ya koma bayan liman, yana zama yana tashi ba mai kama shi, Lahadi kuma ƙanensa ya ci gaba da ganinsa, har da sauran ƙarfin yi wa raguna tsogumi.

Yanzu layin ya cika da okada, kekunan yara kuma giyarsu ta fi yatsun hannu yawa. Duk da haka idan ɗalibaina ko 'ya'yan ƙannena suka sayi mai giya ɗaya, nakan zaunar da su in yi musu darasi: tafiya mai nisa tana son taki mai sauƙi, a bar ƙafa ta zagaya, kada a sayar da gwiwa don idon mutanen da ba sa ma kallo. Sukan saurara da ladabi, don na yi suna a dangi a kan wannan ilimi.

Ni dai ban taɓa hawa keke ba, kuma a kujera nake sallah.