Ƙuri'ar Wiwi da Kwalbar Ɗan Yayana

Ɗan yayana ya sauka a Dubai wata ranar Alhamis, a hanyarsa ta zuwa Kano daga Amurka. Tun yana saurayi ya tafi can karatu, ya zauna har ya zama ɗan ƙasa, yana aikin jinya a wani gidan yari. Ni kuwa na daɗe a Dubai, a unguwar Muraqqabat, ina harkar kago, ina haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya a kwantena. Ɗaki ɗaya gare ni a gidan da muke haya mu da yawa, amma na ce ɗan yayana ba zai kwana a otal ba ina garin.

Washegari bayan Juma'a na sayo shinkafa da naman rago, muka zauna a falo tare da maƙwabcin ɗakina, wani Bazazzagi mai sayar da kayan waya. Hira ta gangaro kan zaɓe. Yaron ya ce a jiharsu ta can Amurka ba mutane kaɗai ake zaɓa ba, har doka ake kawowa kowa ya ce e ko a'a. A zaɓen da ya wuce an tambaye su ko a halatta wa manya tabar wiwi, shi kuma e ya dangwala.

Na ajiye cokali. "Me ka ce ka dangwala?"

"E, Baffa. Ni nake duba su a kurkuku. Yara baƙar fata, saboda ɗan ƙulli ɗaya a rufe mutum, ya fito babu mai ɗaukarsa aiki. Ni ba na sha, amma ɗauri bai gyara kowa ba."

"Ka je bakin unguwarmu a Kano da yamma ka ga waɗanda wiwi ta gyara," na ce. "Ɗan limaminmu da kuka yi makarantar allo tare, yanzu a turke yake kamar akuya. Ka je ka faɗa wa uwarsa ƙuri'arka."

"Ai shi ma magani yake buƙata, ba mari ba."

Bazazzagin ya miƙe tsam ya rufe tagar falo, ya ce a rage murya, garin nan ko sunan abin ba a so. Yaron ya yi dariya. Dariyar ce ta fi ƙona min rai.

Wai don ya huce ni, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar kwalba mai ɗigo. Ya ce tsarabata ce, don ubansa ya gaya masa gwiwa na damuna. Mai ne da ake tatsa daga ganyen wiwi, ba ya sa maye, a kanti ya saya.

Wato da wannan ya ratso filin jirgi, Allah ya rufa asiri ba a buɗe jakarsa ba, ya kwana da shi a ɗakin da ke da sunana. Na san wanda aka kama a garin nan da abin da bai kai wannan ba. Bayan zaman gidan yari aka sa shi a jirgi, har yau bai sake samun biza ba.

"Kai, ashe ba ka da hankali? Ƙuri'arka ce za ta fitar da ni idan aka buga ƙofar nan?"

"Baffa, wallahi ban ɗauka..."

Na fizge kwalbar na shiga banɗaki na tsiyaye ta, na kora da ruwa. Bazazzagin ya kankare takardar jikinta da wuƙa, yana cewa mu duka gidan za a kwasa. Na sa yaron ya zazzage jakarsa a ƙasa, na bi kayan ɗaya bayan ɗaya har aljihun wandunansa. Ban samu komai ba.

"Halas, shi ke nan," na ce. "Tattara. Otal ya cika unguwar Deira."

Ya durƙusa ya kwashe kayansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ko gobe aka sake zaɓen, e zan dangwala."

"Ka dangwala a can."

Da ya isa Kano yayana ya kira ni, ya ce na wulaƙanta masa ɗa a gaban bare. Na ce, "Yaya, da an kama ni, shi ne zai riƙe min iyali?" Ya ce zumunci ya fi ƙarfin kwalba. Na ce a gaya wa mai kwalbar. Ya kashe waya.

Da yaron zai koma Amurka, ta wata ƙasar ya bi. Matarsa ta haihu bara, a bakin ƙanwarmu na ji.