Yaron da Kaka ba ta faɗin sunansa

A Kwaya, da an gama cirar gyaɗa sanyi ya kama, Kaka kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tonon gyaɗa a toka. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai guda da babu kura babu dodo a cikinta, ita ce kuma ta fi maimaitawa.

"Ga ta nan tafe, ku matso," in ji ta. "An yi wani yaro mai ƙafar hagu."

Yaron da dunƙulen tsumma ya fara, ba takalmi. 'Yan ƙwallon Magariya suka ɗauke shi ɗan gaba, ya yi ta zura ƙwallo a raga har aka kira shi zuwa Damagaram. A can wani mai tsaron baya ya take masa gwiwa, aka dawo da shi kwance a bayan mota. Nan Kaka ke yin shiru. In na ce, "Sai aka yi yaya?" sai ta harare ni. "Kai maigida, ka cika ci da zuci! Sai ya tashi da ɗingishinsa, ya tara 'ya'yan mutane yana koya musu. Wallahi ba a yi kamarsa ba."

Duk mun san Kawu Isuhu ne. Shi ne ɗan farinta, kunya ta hana ta kiran sunansa, balle ta yabe shi yana ji. In ya zo gaishe ta, bango take kallo. Kunyar ɗan fari ba wanda bai san ta ba, amma Kawu ya ɗauka har da fushi a ciki, tunda ya bar wa tsohonsa gona ya bi ƙwallo, ya dawo ba ƙafa ba komai. Wannan abu ya ci shi ƙwarai.

Kaka ta rasu ina lakwal, wato makarantar boko. Da can na ɗauka haƙuri take koya mana. Sai da na girma na gane yabo ne ya cika mata ciki, ta rasa inda za ta sauke shi sai wurinmu.

Bara na iske Kawu a filin ƙwallo a Magariya, kai duk furfura, usur a wuya, yana yi wa samari tsawa. Na zauna na ba shi tatsuniyar tas.

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta, Kawu."

Kawu ya mai da ido kan samarin.

Can sai fili ya kaure da ihu. Ɗansa na fari ne ya ci ƙwallo, ya waiwayo yana neman idon ubansa. Kawu ya buɗe baki, ya rufe. Ya kau da kai, ya busa usur a ci gaba da wasa.