Saƙon Suna da Bai Bar Tasawa Ba

Duk yaron da ya yi koleji a Tasawa cikin shekarun nan ya san Mushe Mumuni, malamin lissafi, dogo siriri wanda ba ka raba hannun rigarsa da garin alli. Zai tsaya gaban allo ya warware lissafin da ya gagari aji duka, amma ka ce ya je ya ba maƙwabci haƙuri don akuyarsa ta yi ɓarna, sai ka ga gumi na karyo masa. Baki ne Allah bai ba shi ba. Haifaffen Hawandawaki ne, shi kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, a gidansu, wansa Lamine kuwa ya tsaya gona.

Tsakaninsa da Lamine akwai tsohon miki. Lokacin da mahaifinsu ke jinyar ajali an aiko wa Mumuni, shi kuma yana tsaron jarrabawa, ya ce sai an gama. Kafin ya iso an rufe tsoho. Lamine ya dube shi a gaban 'yan zaman makoki ya ce, "Koma wurin takardunka, su suka haihe ka." Tun daga ranar sai gaisuwar salla, ita ma a tsaitsaye. Abin yana cin Mumuni a rai ƙwarai, don yana son wansa, amma ya rasa ta inda zai faro.

Ana nan sai wani abokin aikinsa, Moctar, ya bar masa tsohuwar ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya kuma nuna masa wani harshen tsara aikin na'ura da ake kira Haskell. Mumuni ya faɗa ciki tsundum. Harshe ne da ya yi kama da lissafin allo: ka ba shi abu, ya mayar maka da amsa, gobe ma ita ce. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin magana da duniyar waje, wato karɓar abin da mutum ya buga da fitar da abu daga na'urar. Ya sa ta tambayi lamba, ya buga, ta ƙi haɗa ta da wata lambar, ta zubo masa ƙorafi da Ingilishi har ya cika fuskarta. Ya gyara nan, can ya ɓalle.

Moctar ya ce masa, "Mushe, a harshen nan rubuta aiki daban, zartar da shi daban. In ka rubuta 'aika saƙo' ka ajiye shi gefe, niyya ce kawai ka ɗaura. Sai ka sa shi cikin layin abin da za a aikata kafin ya motsa. Kuma malalaciya ce, abin da ba a nema ba ba ta taɓa shi."

Mumuni ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Ina ya gane? Malami ne dai, kuma malami ya tsani a ji bakinsa ya ce a maimaita masa.

A shekarar ce matarsa Zara'u ta samu ciki bayan dogon jira. Mumuni ya ƙudura a ransa, in namiji ne sunan Lamine zai ci, wannan ce hanyar ban haƙurin da bakinsa ya kasa. Ya faɗa wa Zara'u, ya kuma faɗa wa ƙanwarsa Rufaida wata rana da ta shigo gari daga Hawandawaki ganin likita. Allah kuwa ya kawo namiji.

Mutanen gari aka raba musu goro. Dangin Zara'u na wajen Mayahi ita da kanta ta ɗauki salula ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Saura Hawandawaki. Zara'u ta ce, "Mushe, ka kira Yaya Lamine mana, minti nawa ne?" Ya ce ta bar masa wannan. Ya ɗauki salular ya ajiye, ya sake ɗauka ya ajiye. In Lamine ya ji muryarsa ya kashe fa? Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar mai gudun ido: zai sa na'ura ta aika wa dangi duka saƙo iri ɗaya, Lamine a cikinsu, ba wanda zai ce ya yi roƙo.

Ya jona wata tsohuwar salula da ordinater, ya rubuta ɗan aikin aika saƙo, ya gwada da lambar Zara'u. Wayarta ta yi ƙara a ɗaka, Mumuni ya yi murmushi shi kaɗai. Daga nan ya rubuta layi guda da ya ɗora wannan aikin kan lambobin dangi gaba ɗaya, ya sa masa suna, ya bar shi nan. A ƙarƙashi ya ƙara wani layin da zai nuna "An aika". Ya danna. Na'ura ba ta yi ƙorafi ko ɗaya ba, ta nuna "An aika". Ya rufe ta ya tafi neman rago.

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malaman koleji suka zo, maƙwabta suka zo, mutanen Mayahi suka sauko daga mota da ƙullin kayansu. Tabarmar da aka ware wa Hawandawaki kuwa wayam. Babu baffa, babu ɗan baffa, ko yaro ba a turo ba. Mumuni ya kasa zama, ya fita bakin hanya ya dawo, ya sake fita. Sai zuciya ta taso masa. Ai a Hawandawaki in Lamine ya ce ba a zuwa, ba mai ɗaga ƙafa. Ashe ƙiyayyar har ta kai ya hana dangi duka taka gidansa ranar farin cikinsa?

Rana ta fara ɗagawa, mutane suna duban juna. Liman ya matso ya rage murya ya ce, "Mushe, jama'a na jira. Mi ne ne sunan yaro?"

Mumuni ya sake duban tabarmar nan. Ya ce, "Mudassir." Sunan da ya fara zuwa bakinsa ke nan, ba na kowa ba ne a danginsu. Aka yi addu'a, aka yanka rago da sunan, aka shelanta. Zara'u na ɗaka cikin mata ta ji, ta saki baki tana kallon ƙofa.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga moto, wato babur, ya tsaya ƙofar gida, rago ɗaure a baya. Lamine ne ya sauko, rigarsa duk yashin hanya. Ko zama bai yi ba ya ce, "Mumuni, har lalacewar ta kai in ji haihuwar gidanka a bakin direba? An ce har an yi suna."

Mumuni ya ce, "Na aiko, Yaya. Kowa na aika mishi."

Lamine ya zaro salularsa ya miƙa masa. Mumuni ya duba sama ya duba ƙasa, babu komai. Ya shige ɗaki, ya buɗe tsohuwar salular da ya jona. Saƙo ɗaya ne tak ya fita, na gwajin da ya yi wa Zara'u. Ya kunna ordinater ya zura wa layin nan ido, sai maganar Moctar ta dawo masa sarai. Ya jera ayyukan aikawa, ya sa musu suna, bai taɓa cewa a zartar da su ba. "An aika" ɗin da ya gani shi da hannunsa ya rubuta ta, ita kaɗai na'urar ta aikata. Innalillahi!

Ya fito ya yi bayani yana in-ina. Lamine bai fahimci rabinsa ba, amma ya ga fuskar ƙanensa, ya san ba ƙarya yake ba. Ya sauke ajiyar zuciya ya zauna kan tabarma, karo na farko tun rasuwar tsoho.

"To, ya wuce," in ji shi. "Ƙarfen nasara ne, ba kai ba. Ni ma na hwaɗi maganar da ba ta dace ba ranar makokin nan." Ya ɗan yi dariya. "Rufaida ta tsegunta mini tun kaka, na yi kamar ban ji ba. Ku kawo mini takwaran nawa in gan shi."

Zara'u ta fito da jariri ta durƙusa ta miƙa, idonta a ƙasa. Lamine ya karɓe shi yana masa wasa, yana kiransa da sunan kansa. Mumuni ya so ƙasa ta tsage. Wannan karon babu na'urar da zai laɓe bayanta.

"Yaya," ya ce, "Mudassir ne sunanshi."

Lamine ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tofa wa yaron addu'a, ya ce Allah ya raya, ya mayar wa uwar. Ya kwance ragon ya ɗaure shi a gindin bishiyar bedi, ya hau motonsa. Kafin Zara'u ta fito da ruwan sha ya sha kwana.