Baturen da Ya Sa Mama a Ƙarƙashin Tebur

Jama'a, ku da kuka san Baba Ɗan'ila, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganinsa ya zauna a taro yadda mutane ke zama? Kowa ya fuskanci gaba, shi sai ya ja kujerarsa gefe, ya juya ta, ya tsura wa 'yan kallo ido. Ranar bikin 'yar Alhaji Sani a Hyattsville, ana shigowa da amarya, Alhaji ya matso ya ce, "Farfesa, amarya fa ta can take."

Ya ce, "Alhaji, amarya kowa ya san yadda labarinta zai ƙare. Dubi matar can mai jan gyale, tun ɗazu take harar naman da aka zuba wa maƙwabciyarta. Can ake wasan."

Mai jan gyalen tana cikin ɗakin nan yau, amma ba zan nuna ta ba.

Ga waɗanda suka zo daga baya, sunansa na yanka Danilo. Mamata ce ta mayar da shi Ɗan'ila, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Mutumin Sloveniya ne, wata 'yar ƙaramar ƙasa a Turai. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyar da tarihin adabi da na wasan kwaikwayo a jami'a, yana bin ƙauyukansu yana tono tsofaffin wasannin da manoma suka yi a ɗakunan ajiye ciyawa. Da ya yi ritaya matarsa ta rasu, ya biyo 'yarsa Amurka, Allah ya haɗa mu ƙofa da ƙofa a bene ɗaya a Silver Spring. Da Turanci muke hira, don Hausarsa daga "sannu" sai "madalla". Ni Rifkatu abin da ya sa na miƙe yau shi ne maganar Mama da 'yata Alheri, kaka da jika da suka kusa rabuwa ba su taɓa yin hira ba. Amma ku bar ni in ɗan yi gulmarsa tukuna.

Silifa! Kai, mutumin nan da silifa! Wai a ƙasarsu baƙo ba ya taka ɗaki sai ya cire takalmi ya zura silifan gida, don haka kwando guda ya ajiye a bakin ƙofa, na ulu, masu furanni. Wata safiya jiri ya kayar da shi a kicin, ya yi ta bugun bango. Ni nas ce, na ruga da kayan aikina, na same shi a ƙasa, fuska fari fat. Yana ganina ya ɗaga yatsa.

"Rifkatu, silifa."

Na ce, "Baba, mutuwa fa kake shirin yi!"

Ya ce, "To ai gara in mutu a ƙasa mai tsabta."

Da masu motar asibiti suka iso ya kafe, ya ce ba mai ɗaukarsa da takalmi a ƙafa. Haka wani ƙato ya zura silifa ya kinkime shi, rabin dunduniyarsa a waje, fure a kan yatsa.

Ya taɓa raka ni coci sau ɗaya, ban ƙara gayyatarsa ba. An tashi, Fasto na gaisawa da mutane a ƙofa, ya tambaye shi yadda ya ga wa'azi. Baba ya riƙe hannunsa cikin ladabi ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai wa'azin ya ƙare sau uku, kuma ƙarewar farko ta fi daɗi." Na rasa inda zan sa kaina. Amma ku tambayi 'yan cocinmu, tun daga ranar muke samun abincin rana da zafinsa.

To, maganar Mama. Ta zo daga Kafanchan ta yi mana watanni, bizarta ta kusa cika, kuma ta faɗa mini da bakinta cewa in ta koma, ƙafafunta ba za su sake hawa jirgi ba. Alheri tana jin Hausa tsaf, amma ko za a yanka ta ba za ta mayar da ita ba. Mama ta yi magana da Hausa, yarinya ta amsa da Turanci, ni ina tsakiya kamar tafintan alƙali. Rannan Mama ta ce, "Rifkatu, zan koma gida ban ji muryar jikata ba." Abin ya yi mini ciwo, na je ɗakin Baba na zauna ina hawaye, da silifa a ƙafata.

Ya ce, "Mu ma an taɓa ce mana harshenmu na kiran shanu ne. Kin san da me kakannina suka riƙe shi? Da wasa. Yaro ba ya jin kunyar kuskure in an ce ba shi ba ne, wani yake kwaikwayo. Rubuta mini wasa."

Na ce, "Baba, allura na iya."

Ya ce, "Gajere, mai zafi. Daidai da allura."

Haka na rubuta ɗan wasan mai sayar da doya da masu ciniki, don taron ƙarshen shekara na ƙungiyarmu a Manassas. Alheri ce mai doya. A falonsa ake gwaji, yara duk sun zura silifa. Mutumin da ba ya jin ko jimla ɗaya, sai ya daka tsawa, "Ƙarya ne! Ban yarda doyar nan ta yi tsada ba, sake!" In murya ta yi ƙasa kuma ya buga sanda, "Da ƙarfi! Na kujerar baya ma mutum ne!"

Sai ya ɓullo da wata. Wai a tsofaffin gidajen wasa na ƙasarsu akwai rami a gaban fage, mutum ya ɓuya ciki yana raɗa wa ɗan wasa maganarsa in ya manta. Ba ya yin wasa ba mai raɗa, kuma mai raɗarsa Mama ce, don ta haddace komai da ka tun gwajin farko. Zauren da muka kama ba rami, saboda haka tebur za a rufe da atamfa.

Na fassara wa Mama. Ta ce, "Ni? Da furfurata in shiga ƙarƙashin tebur kamar kyanwa? Gaya wa Ɗan'ila ya shiga da kansa."

Ya kuwa shiga, don ya nuna mata ba wuya. Fitowa ta gagara, sai da muka ja shi ta ƙafa. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta yarda, amma a ba ta matashi da gyaɗa. Abin da Baba bai sani ba, ni kuma na ƙi faɗa masa, shi ne Mama ba ta san raɗa ba. Matar da ta saba kiran mutum daga wannan gona zuwa waccan!

Ranar taro zaure ya cika. Alheri ta fito da ɗaurin ɗankwali, ta ga jama'a, ta daskare. Can daga ƙarƙashin tebur wata murya ta tashi da ta kai har wurin ajiye motoci:

"Ki ce doya ta yi tsada, Baturiyar banza!"

Zaure ya fashe. Alheri ta fusata, ta sunkuya ta ɗage atamfa. "Kaka, ki yi shiru mana! Na sani! Ke kike rikita ni!"

Da Hausa, jama'a. Kuma ba ya cikin abin da na rubuta.

Mama ta leƙo, gyaɗa a baki. "Au, ashe da baki?"

"Da bakina! Ke ce in na yi magana sai ki yi mini dariya!"

Nan dariyar mutane ta tsaya. Ni uwarta ban taɓa sanin dalilin ke nan ba. Mama ta rarrafo ta fito, ta karkaɗe zani, ta dubi yarinyar ta ce, "To na daina. In na ƙara, ki sa ni in yi Turanci ki rama. Yanzu nawa ne doyar taki?" Suka watsar da wasana, suka shiga ciniki na gaske, Mama na kushe doya, Alheri na rantsuwa da karyayyar Hausarta ba ta ragewa. Ina tsaye a bayan labule ina kuka ina dariya.

Bayan an tashi na tambayi Baba hukuncinsa. Ya gyara tabarau ya ce, "Na karanta tarihin wasan Turai kaf, ban taɓa cin karo da mai raɗa marar amfani kamar mahaifiyarki ba. Kada a kuskura a canza ta."

Mama ta koma gida. Duk Lahadi sai sun yi faɗa a waya ita da Alheri, ba mai nemana.

Da ciwo ya kwantar da Baba a asibiti, Alheri ta je duba shi. Ta riƙe hannunsa ta yi masa addu'a da Hausa, irin wadda kakarta ta koya mata, a hankali, tana tuntuɓe tana gyarawa. Na sunkuya zan fassara masa. Ya girgiza kai ya ce, "Bar shi haka, Rifkatu. Bakinta nake saurare."

Baba Ɗan'ila, Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutawa. Ka bar ƙasarka ka zo ka cika a cikin baƙi, inda ba kowa ke jin yarenka ba. Ubangiji ya tarbe ka da harshen mahaifiyarka. Amin.