Ƙarnin da Sabulu Ya Kasa Wankewa

A shagon gyaran gashi na matar yayanta, Yatsu ake ce mata, don in ta kama kai sai ka rantse da allura ta ɗinka shi. Tun tana budurwa take kitso. Tun tana budurwa kuma take ƙarni, irin na kifin da ya wuni a rana. Yau ya lafa, gobe ya cika ɗaki.

Ba ƙazama ba ce. Wanka take yi har fatar hammatarta ta tsage, ta bi da turare, sai ƙarni da turare su haɗu su haifi abin da ya fi su muni. Mai kitso kuwa a kan mutum take wuni, numfashinta a ƙeyarsa. Mata suka fara toshe hanci da gefen gyale, wasu in sun fita su tofar da yawu a bakin ƙofa. Matar yayan ta mayar da ita bayan labule, wurin wankin tawul da zaƙulo matattun gashi masu yauƙi daga magudanar ruwa.

Asibiti ta je har takalminta ya suɗe. Wannan ya ce ciwon sanyi ne, ya cika mata jaka da ƙwayoyi. Wancan ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ta riƙa tsafta. Uwarta kuma, ganin ta rame, kullum sai ta aiko da dafaffen ƙwai da hanta da wake. "Ci ki yi jini, 'yar nan." Tana ci, don tausayin tsohuwa.

Sai ta faɗa hannun wata likita da ta jawo kujera kusa da ita, ba ta tashi buɗe taga ba. Ta tambaye ta abin da take ci, ta karɓi fitsarinta ta aika wani gari mai nisa. Da sakamako ya dawo ta yi mata bayani dalla-dalla: akwai wani sinadari da ke fitowa daga ƙwai da hanta da wake da kifin teku, jikinta ba ya iya sarrafa shi, sai ya bi gumi da numfashi ya fito. Da abin aka haife ta, kuma ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ba ya warkewa, ba a ɗaukarsa, amma in ta kame baki zai ragu ƙwarai.

Yatsu ba ta gaya wa uwar ba. Kwanon in ya zo, maƙwabta take miƙa wa. Kafin wata ya zagayo ƙarnin ya ja baya, har ta shiga motar haya ba wanda ya kawar da kai.

Ta kwashe komai ta faɗa wa matar yayan.

"Allah sarki, ƙanwata! Ni kin san ban taɓa ƙyamarki ba."

"To Anti, a mayar min da kujerata."

"Gaggawar me kike yi? Kujera ba ta da ƙafar gudu."

Rannan wata tsohuwar mai zuwa kitso ta shigo, ta ce ita Yatsu take so, an ce ta samu sauƙi. Yatsu tana bayan labule, jiƙaƙƙen tawul a hannu, ta ji matar yayan ta rage murya.

"Hajiya, a jini yake. Likita ce da bakinta ta ce ba ya warkewa. Mu ma zumunci ne ya ɗaure mu."

"Subhanallahi! Ba dai ana ɗauka ba?"

"Wa ya sani? Zo ki zauna nan, ni zan yi miki."

Matar yayan ta sani sarai ba a ɗauka. Yatsu da bakinta ta faɗa mata, har ta gyaɗa kai.

Duk shekarun da Yatsu ta yi tana shaƙar kanta, zuciyarta ba ta taɓa tashi kamar ranar ba. Ta saki tawul a ƙasa, ta ɗaga labule, ta zare matajinta da tsinken kitsonta daga cikin gwangwani.

"Ke, ina zuwa? Wankin fa?"

"Hannu biyu gare ki, Anti."

Washegari ta fito da 'yar kujera ƙofar ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma a gabanta, ta ajiye man kitso a gefe. Har rana ta take ba wadda ta zo. Ta gyara zama, ta ci gaba da jira.